Akwatin roba mai gida 36: zare ya ji daɗinsa, duwatsuna sun sha wuya

Wata huɗu ke nan da na sayi akwatin nan na roba mai gida 36, wanda ake zare 'yan shamakin cikinsa a faɗaɗa gida. Kun dai san shi, ko'ina tallarsa ake yi. Kafin zuwansa kayan aikina a gwangwanaye da ledoji suke, allura ɗaya sai na zazzage tebur kafin in gan ta. Ranar da ya iso sai da na raba dare ina jeri, ja nan, shuɗi can, har hoto na tura wa ƙanwata ina cika baki.

Sati biyu lafiya lau. Ashe don yana kwance ne a kan tebur, ban taɓa ɗaga shi ba.

Ranar da zan je koya wa wasu ɗalibai sarƙar hannu, na danna maƙallansa biyu suka ce ƙas, na tsayar da shi cikin jaka. Ina buɗewa a gabansu sai da gabana ya faɗi. Ƙananan duwatsun adon nan masu lamba 11/0, waɗanda girmansu bai fi milimita 2 ba, kala 14, duk sun cakuɗe. Murfi bai buɗe ba, ko ɗaya bai zube a jaka ba. Shamakin ne ba sa zama daram a ƙasa, sannan tsakaninsu da murfi akwai 'yar rata da ido ba ya kula da ita. Duwatsu suka bi ta sama, suka bi ta ƙasa, kowa ya shiga gidan maƙwabcinsa. Dare uku ina zaune ƙarƙashin fitila da matsefata ina tsince su ɗaya-ɗaya. Ja da baƙi da sauƙi. Amma fari mai sheƙi da farin madara? Wallahi har ruwa idona ya riƙa yi. A dare na uku na haƙura, na juye ragowar cikin kwalba ɗaya, tana nan ina hararar ta.

Gaskiya dai ba zan zalunce shi ba, wajen zaren ɗinkin ado babu kamarsa. Na naɗe zarena na kamfanin DMC a 'yan kwalaye, ƙulli ɗaya mai mita 8 kwali ɗaya, na rubuta lambar kowanne a kai, na jera su bi da bi. Yanzu in ina neman 310 baƙi ko 321 ja, ta saman murfin ma nake hango shi. Robar kuma mai lamba 5 ce a gindi (lambar da ke nuna irin robar), irin mai lanƙwasa, sau ɗaya ya faɗo daga tebur bai ko tsage ba, saɓanin tsohon nawa mai lamba 6 da ya dare kamar ƙwai. Sai dai ku nisanta shi da taga, tunda garau yake, rana kuwa tana kashe kalar zare. Har na fara cewa tauraro huɗu zan ba shi.

To amma da na sake duba hoton tallar sai raina ya ƙara ɓaci. Ƙananan duwatsu ne fa cike a kowane gida a hoton! Abin da ya ja ni ke nan. Na rubuta wa mai sayarwa, amsar da na samu ita ce in daina karkata shi. Akwatin da aka ce na yawo ne? Na gwada liƙe shamakin da gam ɗin da ake narkawa, washegari na ɓamɓare shi da farce, don irin wannan robar ba ta riƙe gam. Ko da ma ya kama, me ya rage na shamakin da ake zarewa, kuma ratar sama wa zai toshe ta?

Tauraro biyu, su ma albarkacin zare. Maɓallai da manyan duwatsu za su zauna. Ƙananan kuwa na sayo musu 'yan kwalabe masu murfin murɗawa, da niyyar in jera su cikin gidajen akwatin. Sun ɗara shi tsawo da kaɗan, murfin ya ƙi rufuwa.