Jirgin ƙasa a bayan gida: inci 5 ko inci 7¼, fetur ko batir?

Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: ɗan'uwanmu yana da kango ƙafa 50 da 100 a jikin gidansa a Rijiyar Zaki a Kano, yana so ya shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo da jikoki za su riƙa hawa, kuɗin hannu kuma ba su taka kara sun karya ba. Abu biyu ne suka tsaya masa: faɗin layin ya zama inci 5 ko inci 7¼, sannan kan jirgin ya zama na fetur ko na batir.

Ni dai in filin nawa ne, inci 7¼ zan shimfiɗa, batir zan sa. Wanda yake neman sauƙin kuɗi a wannan aiki, a tsawon layi zai same shi, ba a faɗinsa ba.

Inci 5 milimita 127 ne tsakanin dogo da dogo, inci 7¼ kuwa milimita 184. A takarda bambancin bai kai tsawon yatsa ba, amma a ƙarƙashin mutum yana da yawa. Taragon inci 5 siriri ne, hawansa ake yi irin na babur, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kuma da zarar babba ya karkata don ya ɗaga wa wani hannu sai tayoyin ɗaya gefen su bar dogo. Shi ya sa ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a Ingila da yawa suke ɗora layin inci 5 a kan dogayen ginshiƙai, ƙafafun mahaya su sauko ƙasa da dogon. Wannan ƙarin gini ne da ƙarin siminti. A kan inci 7¼ kuwa za ka iya ƙera tarago mai faɗin rabin mita ko fiye kaɗan, mai daɓe ƙasa-ƙasa, a zauna a cikinsa ƙafafu a ciki.

Wannan batun zama ba ƙarami ba ne a wajenmu. Waɗanda suka rubuta yawancin bayanan da ke intanet da wando da 'yar shara suke hawa. Mu kuwa ranar Sallah ce jirgin zai fi aiki: yara maza da jallabiya, 'yan mata da hijabi har ƙasa, Hajiya da mayafi, kai kanka da babbar riga. A tarago na hawan babur duk wannan tufafin yana reto ne daidai inda taya take juyawa. Ba na jin akwai matar da za ta yarda ta hau shi ma. Tarago mai bango a gefe ya raba ka da wannan fargaba.

Inda inci 5 ya yi zarra shi ne kwana da nauyi. Ƙaramin kan jirgi mai tayoyi huɗu yana iya shan kwanar da daga tsakiyarta zuwa dogo mita 3 ne ko 4, mutum biyu kuma za su ɗaga shi su sa a but ɗin mota. Inci 7¼ yana son mita 6 kafin ya sake, in an samu fiye ma ya fi. To filinka ƙafa 50 a faɗi kusan mita 15 ke nan. Kwana mai mita 6 za ta ci mita 12, ya rage maka kimanin mita ɗaya da rabi kowane gefe tsakanin layi da katanga. Ya shiga, amma ba rarar komai. Da a ce tsakar gida ce mai faɗin mita 9 ko 10, da ban ɓata maka lokaci ba, inci 5 zan ce, yara zalla, babba yana tafe a gefe. Don haka kafin komai ka kafa turke a inda tsakiyar kwanar za ta kasance, ka ɗaura igiya mai mita 6, ka zagaya da ita kana zana ƙasa. Nan za ka ga ko bishiyar darbejiya ko bakin sokawe sun tare hanya.

Yanzu lissafin ƙarfe, tunda nan kuɗin yake. Ɗauki zagaye mai kwana biyu da miƙaƙƙen layi biyu na mita 12 kowanne. Kwanonin biyu a haɗe kusan mita 38 ne, jimla kimanin mita 62, dogo kuma biyu ne, mita 124 ke nan. Ba sai ka yi odar dogon alminiyam daga waje ba. Filat-ba na baƙin ƙarfe mai milimita 25 da 10, a tsayar da shi a kan gefensa, ya ishi inci 7¼. Nauyinsa kusan kilo 2 a kowace mita, wato kimanin kilo 243, sanduna 21 in masu mita 6 ne. Inci 5 a kan zagaye iri ɗaya zai iya amfani da mai milimita 20 da 10, kilo 195 ko kusa da haka. Kashi ɗaya cikin biyar ka rage, shi ke nan. Tsakuwa, haƙa, kuɗin mai walda, fenti, duk kusan ɗaya ne. Ka ɗauki waɗannan alƙaluma ka shiga Ƙofar Ruwa ka ninka da farashin ranar. Ka tafi da tef da ma'aunin kauri a aljihu, domin ba kowace sanda ce take cika tsawon da ake kiranta da shi ba, kauri ma haka.

Alminiyam yana da kyau, ba ya tsatsa, yana da sauƙin lanƙwasawa. Amma yana saurin cinyewa a kwana, kuma zafi yana miƙar da shi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar Afrilu, lokacin da ƙarfen da ke waje ba ya taɓuwa da hannu, bambancin yana kai digiri 40. Sanda mai mita 6 ta baƙin ƙarfe za ta ƙaru da kusan milimita 3, ta alminiyam fiye da 5. Ko wanne ka zaɓa, ka bar ɗan gibi a mahaɗa, ramukan noti su zama masu ɗan tsawo don ƙarfen ya samu wurin motsi, in ba haka ba layin zai yi maciji da tsakar rana. Sannan kango ne, ba cikin gida ba. Alminiyam mita 124 a kwance a fili gayyata ce ga masu tsince-tsincen da ke kai wa 'yan gwangwan.

Abin da dogon zai kwanta a kai shi ma zaɓi biyu ne. Hanya mafi araha a ƙasashen waje ita ce katakon gicciye da aka tsaga wa gurbi biyu da zarto, a buga filat-ba a ciki da guduma, ba ƙusa ba noti. A kowane santimita 30 guda ɗaya, kana neman wajen 210. A Kano abokan gaba biyu ne suke jiran wannan katako. Gara ce ta farko, ba sai na yi bayani ba. Na biyun ya fi ɓoyuwa: katakon da ka sayo ɗanye a 'Yan Katako yana kumbura da damina ya ƙanƙance da hunturu, gurbin da ya riƙe ƙarfe gam a watan Agusta sai ka same shi yana lilo a Janairu, faɗin layi ya sauya, taya ta faɗa tsakiya. Ɗaya hanyar ita ce a yanka guntayen ƙarfe a yi musu walda a ƙarƙashin dogon, a ƙera layin gaɓa-gaɓa mai mita 3, kamar tsani. Ta fi tsada da farko, amma a garin da kowace unguwa akwai mai walda, ita na zaɓa. Sharaɗi ɗaya: ka sa a yanka maka ma'auni biyu na ƙarfe masu tsaga daidai milimita 184, mai walda ya maƙala su a dogon kafin ya ɗiga wuta ko sau ɗaya. Wanda ya saba da ƙofa da taga kuskuren milimita 5 ba ya damunsa, jirgi kuwa yana damunsa. A kwana a ƙara faɗin da milimita 2 ko 3.

Ƙasan kuma a share, a daddaɓe burji, a zuba tsakuwa ƙanana mai kaurin yatsu huɗu, layin ya ɗan ɗara ƙasar da ke kewaye da shi saboda ruwan Agusta. Tiyon ruwa na magina ya isa awo. Hawa kada ya wuce santimita 1 a kowace mita, 2 shi ne iyaka.

Mu dawo kan jirgin. Na tururi kam a ajiye shi gefe: tukunyarsa aikin ƙwararru ce, sai an gwada ta da matsin ruwa, kuɗinta kaɗai ya fi na layin gaba ɗaya.

Na fahimci dalilin da fetur yake jan hankali. Injin irin na markaɗe ko na ban ruwa, Honda GX160 da 'yan uwansa na Chana, yana ko'ina, kowane makanike ya san cikinsa, ba ruwanka da ɗauke wuta. Matsalar ita ce ƙarfinsa ya yi wa aikin yawa, gudunsa ma haka. Yana juyi har 3,600 a minti, alhali taya mai faɗin santimita 15 tana buƙatar juyi 280 kacal don ta yi kilomita 8 a awa, wanda ya isa gudu a fili irin naka. Sai ka rage gudun kusan ninki 13, wato sarƙa hawa biyu da sanda a tsakiya, ga kuloci, ga ciwon kan baya-da-baya, domin injin gefe ɗaya kawai yake juyawa. Ƙara da hayaƙi kuma, a kangon da katanga ta kewaye, maƙwabta za su yi haƙuri mako na farko. Ga salansa mai zafi daidai tsayin hannun yaro.

Batir fa? Mutane suna raina shi ne don ba su san ƙanƙantar ƙarfin da ake buƙata ba. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe kusan ba ta da turjiya. Jirgi da mahayansa kilo 300, a hawa mafi tsanani da na ambata, jan da bai wuce na kilo 9 ko 10 ba yake nema. A tafiyar kilomita 6 a awa wannan wat 150 ne da ɗoriya. Mota ɗaya, wato na'urar lantarki mai juya tayoyi, mai 24V da wat 350, irin ta ƙananan babura masu caji ko ta keken guragu na lantarki, ta wadatar, biyu kuwa sun yi yawa ma. Ta keken guragu ta fi, don da giyarta take zuwa. Komawa baya makunni ne kawai mai juya waya. Batir biyu masu 12V da 50Ah, ko rabin cajinsu ka yi amfani da shi, za su ba ka kusan awa uku na zagaye, yara kuma ba sa kai haka ba a kira sallah ba. Ka nemi irin na sola, ba na tayar da mota ba, wanda ba ya jure a zuƙe shi a hankali. Ka riƙa ajiye su a inuwa, zafi yana rage musu kwana.

Nauyin batir ma riba ce a nan. Kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ke kan tayoyinsa masu ja, fiye da haka sai su yi ta sulɓi a wuri ɗaya. Kan jirgi mai kilo 60 zai ja da ƙarfin kilo 12, ka ga batiran nan biyu su ne suka danne shi ya kama dogo. Inda fetur ya fi gaskiya shi ne in haya za ka yi, wuni guda ana lodi a wurin wasan Sallah. Wannan wata magana ce daban.

Wurin da ban yarda a yi tsumulmula ba shi ne taya. Tayar jirgi ba faifai ba ce kawai. Fuskarta tana da ɗan gangare na digiri 2 ko 3, tana da leɓe a ciki, kuma biyun a kafe suke a sanda ɗaya suna juyawa tare. Gangaren nan ne yake dawo da tarago tsakiyar layi da kansa. Ka nemo zanen ma'aunin taya na inci 7¼, ka kai wa mai injin fiƙe ƙarfe a Ƙofar Ruwa ko Dakata, ka ce duka su fito iri ɗaya, tazarar bayan taya da bayan taya kuma kada ta bambanta daga sanda zuwa sanda. A nan ma girma ya taimaka: leɓen tayar inci 7¼ ya fi zurfi, tsakuwa ɗaya ko ƙwallon dabino a kan dogo ba su cika sauke ta ba kamar ta inci 5. Boris a sa rufaffe saboda ƙurar hunturu. In ka ga zane daga Amurka ka duba da kyau, yawancinsu a can inci 7½ suke amfani da shi, ba zai hau layinka ba.

Wani zai ce wannan wasan Turawa ne. Walt Disney, mai finafinan katun na Amurka, ma a bayan gidansa ya shimfiɗa nasa a 1950, a kan inci 7¼ ɗin nan. Amma garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1911 ba baƙo ba ne ga dogo. Tsohon layin dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, don haka in ka kwaikwayi kan jirgin da ke shigowa tashar Kano ka ƙera shi a kan milimita 184, zai fito kusan kashi ɗaya cikin shida na ainihin girmansa, ƙato mai wurin zama da wurin ɓoye batir.

Game da tsarin kashe kuɗi, kada ka fara da kan jirgi. Ka yi gaɓa huɗu na miƙaƙƙen layi, mita 12, da tarago ɗaya mai birkin hannu, yara su riƙa turawa da kansu. A nan za ka gane ko mai waldarka ya riƙe awo, ko tayoyin sun zauna, kafin ka sayi sauran sanduna 17. Kwana ta biyo baya in kuɗi ya samu, mota da batir a ƙarshe. Ranar da za a ɗaura motar, a rufe sarƙar da gwangwani ruf, a sa makunni mai ɗan makulli, makullin kuma ya zauna a aljihunka, Alhaji, ba a hannun babban jika ba.