Tagulla ko roba: wanne za a sa a bututun gindin jirgi mai yoyo?

Malam, tsakanin tagulla da roba da ka tambaya, don bututun nan da ya huda gindin jirginka yake ɗigo, ɗauki na roba ka huta. Sai dai ba robar famfon banɗaki nake nufi ba. Nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi, irin na TruDesign da ake ƙerawa a Niyu Zilan, ko Marelon na kamfanin Forespar a Amurka.

Nawa jirgin ɗan ƙarami ne, na faiba mai filafilai, ƙafa 22, a ruwan Legas yake kwana yake tashi. Huda uku gare shi a ƙasa, kuma yau shekara 4 ke nan da na mayar da dukansu TruDesign. Ranar da muka gama aikin muka sauke shi ruwa, na shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kowane bawul, wato makunnin da ke buɗe bututun ya rufe shi, na tafi gida, amma barci ya ƙi zuwa. Ana idar da sallar asuba na kama hanya. Na ɗaga katakon daɓen, na sa hannu, jarida ƙamas kamar yanzu aka sayo ta. A ranar na kwashi yara muka je Tarkwa Bay, ban leƙa ƙasa ko sau ɗaya ba, ni da a da soso da bokiti ne abokan tafiyata. Har yanzu hannun bawul ɗin da yatsa biyu nake juya shi. Ba tsatsa, ba koren nan da ke fitowa a jikin ƙarfe, kuma ba ruwansa da wutar batir da ke zurarewa ta cinye ƙarfen da ke cikin ruwan gishiri. Haƙƙinsa ɗaya a kanka: duk wata ka buɗe ka rufe sau biyu ko uku don kada ƙananan kifin ɓawo su gina gida a ciki. In ya cije kada ka sa masa sifana ka danna, hannun zai iya karyewa. Sannan ya fi na ƙarfe kauri, don haka ka auna wurin kafin ka biya.

Tagulla kuwa, to, ba zan ce ba ta da kyau ba. Ta gaskiya tana shekaru da dama, kuma kusa da inji inda ake tsoron gobara ta fi roba. Matsalar ita ce samun ta gaskiyar.

Nan ne aka taɓa yi min sakiyar da ba ruwa. Tagullar jirgi yawancinta jan ƙarfe ne, kashi 85 cikin 100, sauran kuza da darma da tutiya, biyar-biyar. Wadda ake yin kan famfon gida da ita kuwa tutiyarta ta kai kusan kashi 40. A ido duk rawaya ce mai sheƙi. Wani mai shago ya rantse min har da dafa ƙirji cewa tasa ta jirgin ruwa ce, daga Turai, na biya kuɗin ta gaskiya. Ba a yi shekara 3 ba na ga gindin bawul ɗin yana fitar da wani farin gari, yana jiƙewa. Da na kankare da wuƙa sai ga ciki ya koma ruwan hoda, kamar jan bulo. Gishiri ya tsotse tutiyar, ya bar jan ƙarfe mai ramuka kamar soso. Da muka ɗaga jirgin, bugu ɗaya da ɗan guduma ya ɓalle a hannuna. Na daɗe a tsugune ina kallon guntun, ina tuna sau nawa na ɗauko iyali a kansa. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka kaya ba kwali, ba tambarin maƙeri a jiki, yana cewa ai duk ɗaya ne, mayar masa. Wasu ma sukan haɗa maka bututu mai miƙaƙƙen zare da bawul mai tsukakken zare, ya kama da juyi biyu ko uku kawai, su ce ka cika da farin tef. Taka ɗaya ya isa ya raba su. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta ce haɗin ya jure nauyin fam 500, wato wajen kilo 227, na daƙiƙa 30. In za ka sayi TruDesign ka haɗa da kwalar da ake sa wa tsakanin bawul da jikin jirgi, ita ke ba shi wannan ƙarfin.

Kafin ka kashe ko kwabo, tabbatar daga ina ruwan yake. Goge wurin ya bushe, barbaɗa hodar jarirai kewaye, ka zauna ka zuba ido. Ruwan zai ja layi a cikin hodar. In daga bakin tiyo ne, sabon kilif biyu na sitenles sun gama magana, ba sai ka sayi komai ba. In daga ƙarƙashin noti ne, tsakanin bututu da jikin jirgi, gam ɗin ya mutu ko katakon da aka ɗora a ciki ya ruɓe, kuma shafe-shafen silikon daga ciki ɓata lokaci ne. Kada kuma ka ce bari ka ƙara ɗaure notin jirgi yana kan ruwa. In ƙarfen ya riga ya ci, a hannunka zai tsinke, ruwan da zai shigo kuwa ya fi ƙarfin ɗan famfonka.

A fito da jirgin tudu. Tsohon in ya ƙi kwantuwa a yanke kansa ta waje da giranda, a hankali, a tura shi ciki. Kankare tsohon gam tas, bi da samfefa, goge da asiton, ka bar ramin ya sha iska. Ruɓaɓɓen katakon ka musanya shi da faifan faiba. Gam kuma Sikaflex 291i nake sawa. 3M 5200 an yi shi ne don abin da ba za a sake kwancewa ba, kuma yakan ɗauki har kwana 7 kafin ya kama sosai, bututu kuwa wata rana sai an cire shi. Sa gam a wadace har ya tumbatso ta gefe, mutum ɗaya ya riƙe ta waje kada ya juya, kai ka ɗaure ta ciki daidai, ban da nuna ƙarfi don roba ce.

Ka kuma sassaƙa toshe na katako mai laushi, mai tsini, ka ɗaure shi da igiya a jikin kowane bawul, don toshe ramin in bututu ya ɓalle. Auna min faɗin ramin da na bakin tiyon ka turo, in gaya maka lambar da za ka nema.