Oba-obar Baofeng UV-5R: ta dace da 'yan agajin unguwa kuwa?

Masu tambayata kan oba-obar nan Baofeng UV-5R, wai ko ta dace ƙungiyar agajin unguwa ta tanada saboda ranar da ambaliya ko gobara ko guguwa ta ɗauke sabis, to ga abin da na gani tunda mun jima muna aiki da ita. Tana aiki kam, kuma da wuya ka samu mai arharta da za ta yi abin da take yi, amma duk wanda ya ce maka kawai ka saya ka raba wa mutane a kwalinta shikenan an gama shiri, wallahi bai taɓa riƙe ta ba.

Wani zai ce ai ga waya ga WhatsApp. To wayarka ba da wayar maƙwabcinka take magana kai tsaye ba, sai ta bi ta turken sabis, turken kuma wuta yake ci, in wuta ta ɗauke batirinsa ya ƙare babu mai kai wa janareta mai, shikenan kowa ya zama kurma. Lokacin guguwar Maria a 2017 kusan kashi 95 cikin 100 na turakun sabis na Puerto Rico sun daina aiki. Manhajar Zello ma da ake ta yabo, wadda 'yan sa-kan Cajun Navy suka yi amfani da ita wajen ceto mutane a birnin Houston na Amurka lokacin guguwar Harvey a wannan shekarar dai, tana da daɗi sosai amma sai da intanet, babu data babu Zello. Ita oba-oba ba ruwanta da kowa, daga hannunka sai hannun ɗan uwanka.

UV-5R ta fito tun 2012, ƙirar China ce, tana aiki a zango biyu, VHF da UHF, ƙarfinta wajen watt 5, tana ajiye tasha 128, batirin da ke zuwa da ita an rubuta 1800mAh. Batirin nan ya burge ni gaskiya, in sauraro ka fi yi ba surutu ba zai kai ka wuni har dare. Akwai tocila ƙarama a samanta, akwai rediyon FM, wanda da farko na ɗauka ƙyale-ƙyale ne sai daga baya na ga amfaninsa, don ranar da babu wuta babu intanet ta nan za ka ji sanarwar hukuma, kuma da zarar wani ya yi kira sai ta katse FM ɗin ta ba ka muryarsa.

Maganar nisa kuwa a nan masu talla suke zuƙi ta malle. Za ka ga an rubuta kilomita kaza, wannan sai in kana kan dutse ɗan uwanka ma yana kan wani dutsen kuna hangen juna. Cikin gidaje da bango da kwanon rufi ka sa ran kilomita 1 zuwa 2, in an yi sa'a 3. Eriyar da ke zuwa da ita gajeriya ce, in ka canza ta da doguwa irin Nagoya NA-771 za ka ji bambanci, sai dai jabunta sun yi yawa a kasuwa. Abin da ya fi eriya ma shi ne tudu, ku nemi wanda gidansa ke da bene ko yake kan tudu ya zama mai karɓar saƙo yana miƙa wa ɗaya ɓangaren, mutum ɗaya a sama ya fi goma a ƙasa.

Inda ta fi ba da wahala shi ne saiti. Menu ɗinta ya kai kusan abu 40, duk da gajerun haruffa, SQL, TXP, SFT-D, STEP, ka miƙa wa dattijo ko uwar gida wannan cikin duhu ruwa na shigowa ɗaki ka ce ta nemo tasha, ai ka zalunce ta. Ga wani maɓalli ruwan lemo a gaba an rubuta VFO/MR, da yatsa ya taɓa shi ta fita daga tashoshin da aka ajiye ta koma wata duniya, mutum yana ta "kuna ji na? kuna ji na?" babu mai jin sa, shi kuma yana zaton ta lalace. Maganin abin shi ne a samu mutum ɗaya mai haƙuri ya sauke manhajar saita oba-oba mai suna CHIRP a kwamfuta, kyauta ce, ya sayi kebul ɗinta, ya saita dukkansu iri ɗaya, tasha biyu ko uku kacal da suna a jiki, sannan a danne maɓallin # har makulli ya fito a allo. Daga nan abin da za a koya wa kowa biyu ne, murɗa ta kunnu, sai danna maɓallin magana na gefe ka jira daƙiƙa ɗaya kafin ka yi magana, don masu gaggawa kullum kalmarsu ta farko yankewa take yi, a maimakon "ba ma buƙatar mota" sai a ji "buƙatar mota".

Ba ta jure ruwa, wannan a sani, a sa ta a leda mai zif. Cajarta kuma ta zama ce mai neman soket, don haka a tanadi kebul na USB da ya dace da ita ko akwatin batir na AA.

Sai lasisi, wanda mutane ba sa son a taɓo. A yawancin ƙasashe sauraro ba laifi amma yin magana da irin wannan sai da izini, kuma tana iya hawa mitar da 'yan kwana-kwana ko motar asibiti ke aiki a kai, ranar bala'i kuwa babu abin da ya fi muni kamar ka toshe su. Jamus ma ta hana sayar da ita a 2021. In ƙungiyarku babu mai lasisi, ku duba ƙananan da doka ta yarje wa kowa, irin PMR446 a Turai masu rabin watt ko FRS a Amurka, ba su kai ta nisa ba amma yaro ma zai iya sarrafa su. Kuma babu sirri a cikinta ko kaɗan, saitin CTCSS ɗin nan da ake ce wa lambar sirri kunnenka kawai yake toshewa daga jin wasu, su suna jin ka sarai, don haka kar a riƙa shelar gidan wane babu kowa.

A girgizar ƙasar birnin Kobe na Japan ta 1995 mafi yawan waɗanda aka ciro daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka ciro su, shi ya sa nake ganin kayan nan a hannun mutanen unguwa ya kamata su kasance. Amma a sa rana ɗaya a mako, ƙarfe kaza, kowa ya kunna a kira suna ɗaya bayan ɗaya, minti goma ya isa, a nan ake gane wanda batirinsa ya mutu a durowa da lungun da murya ba ta kaiwa. Ga ƙungiyar da ke da mai lasisi da mai iya CHIRP na ba wa UV-5R maki huɗu cikin biyar, wadda ba ta da su ta sayi ƙananan kawai.