Hattara da masu sayar da shafukan tsohon Baibul na jabu

Akwai 'yan damfara a Facebook da dandalin gwanjo na intanet da ke tallata shafi guda mai hoto, su ce an ciro shi daga Baibul ɗin da maɗabbi Koberger ya buga a birnin Nuremberg na Jamus a 1483, ko daga fassarar Martin Luther da aka buga a birnin Wittenberg a 1534. Sau da yawa abin da suke turowa kwafin zamani ne da aka jiƙa da ruwan shayi ya yi launin tsufa. Kada ku tura ko sisi sai kun duba waɗannan abubuwa.

Hotunan wancan zamani a kan katako ake sassaƙa su: a fafe wuraren da za su fito fari, a shafa tawada a kan layukan da suka rage a sama, a danna su tare da haruffa. Saboda haka layin yakan ɗan nutse cikin takarda, kuma idan aka haska fitila daga gefe za a ga tudunsa a baya. Shafin da ya fito sumul gaba da baya abin zargi ne. Idan kuma akwai shatar murabba'i marar tawada da ta nutse cikin takarda kewaye da hoton, wannan alamar bugu da farantin tagulla ce, katako ba ya barin ta.

Ku sa gilashi mai ƙara girma sau 10. Layin bugun katako baƙi ne ɗaya, tawadar ta ɗan taru a bakin layi. Kun ga ɗige-ɗige a jere, to aikin injin zamani ne.

Sai takarda. Ta wancan zamani da tsumma ake yin ta, da hannu, kuma idan aka ɗaga ta ga haske za a ga siraran layuka a matse, da wasu da suka gitta su tazarar 'yan santimita kaɗan. Takardar da ba ta da layukan nan ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757. Wadda ta yi shuɗi fau ƙarƙashin fitilar gane jabun kuɗi kuwa, tana ɗauke da sinadarin ƙara fari na bayan 1950.

Amma tsufan takarda kaɗai bai isa hujja ba, kuma a nan ne ƙwararrun macuta suke cin kasuwa. Suna yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai su buga hoton a kai. Shi ya sa dole ku ga bayan shafin: ganyen Baibul na gaske yawanci da rubutu a bayansa, kuma ayoyin su yi daidai da bugun da aka ambata. Ɗakin karatu na jihar Bavaria da ke Munich ya ɗora dubban tsofaffin bugu a intanet kyauta. Ku kwatanta layi da layi, ku auna tsawon hoton da faɗinsa.

Takardar shaida da mai sayarwa ya rubuta wa kansa ba ta da wani amfani. Wanda ya ƙi cire shafin daga firam ya ɗauko muku hoton bayansa, ko ya matsa a biya yau yau ba damar mayarwa, ku rabu da shi.