Yaya, ga labarin hotunan bangon da ka tambaya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ka ce in dubo maka irin hotunan bango da ake sayarwa a nan Paris, ko da abin da za ka ƙara a sana'arka ta sa hoto a firam. Na duba, har aljihuna ya ji a jikinsa.

Yadda ake sayar da hoton Diori Hamani ko na Sardauna a bakin tasha, haka su ma suke da nasu manyan, mutanen juyin juya halin 1789. Sai dai nasu ba a takarda ba ne. Inji ne yake buga hoton a kan yadi mai kauri, a ɗame shi a jikin katako huɗu, a ɗinke ta baya da ƙananan ƙusoshi. Babu gilashi, babu firam. Daga nesa ka rantse da hannu aka zana, sai ka shafa ka ji sumul.

Abin da ya ba ni dariya, a falon wani abokin aikina na ga Danton da Robespierre, biyu daga cikin jagororin juyin, rataye kafaɗa da kafaɗa. Robespierre yana cikin waɗanda suka miƙa Danton ga injin fille kai ran 5 ga Afrilun 1794, shi ma ba a cika wata huɗu ba aka fille nasa, ran 28 ga Yuli. Na ce wa abokin nawa ka haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. Ya ce launinsu ne ya dace da kujerunsa. Akwai kuma na Marat, ɗan jaridar juyin, da mai zane David ya yi a 1793, gawa ce kwance a bahon wanka bayan Charlotte Corday ta daɓa masa wuƙa. Na asalin yana Brussels, amma kwafinsa kamar jamfa a Jos. Ka san dai Hajiya ba za ta bari gawa ta kwana a bangonta ba.

Ni wanda ya kama raina shi ne na Jean-Baptiste Belley, zanen Girodet na 1797. Baƙar fata ne ɗan tsibirin Gorée na Senegal, aka sayar da shi bawa zuwa inda ake kira Haiti yanzu, ya fanshi kansa, har ya zama ɗan majalisa a Paris. Yana cikin zauren ran 4 ga Fabrairun 1794 da aka soke bauta, kafin Napoleon ya dawo da ita a 1802. Ga shi tsaye ya jingina, da ɗamara mai launin tutarsu da ɗan kunne na zinariya, yana kallon sama kamar ba ruwansa da kowa. Shi na saya ta intanet, euro 40, wajen jaka 26 ke nan a kuɗinmu.

Kawo kaya kam sai a sara musu. Waya ta yi ta sanar da ni inda kwalin ya kai har ya iso ƙofa, kusurwoyin duk an naɗe su da soso. Da na buɗe, sai na tarar an yanke hular da ke hannunsa, fuskar kuma ta dushe, idanun da ƙyar ake ganinsu. Dokarsu ta ce kayan da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, amma ban da wanda aka yi maka a kan awonka, ni kuwa da kaina na zaɓi tsawo da faɗi. Na nemi mutumin da zan yi wa magana, babu, sai akwatin saƙo. Kwana tara ina aika hotuna kafin su yarda aibi ne daga wajensu, suka sake bugowa. Da a shagonka ne, da na zauna a benci, ka aika a kawo shayi, kafin la'asar an gyara.

Shawarata, kada ka sa kuɗinka a sayo su daga nan. Masu zanen sun mutu tun tuni, haƙƙinsu ya faɗi, kuma a 2020 gidajen tarihi na birnin Paris suka saki dubban hotuna kyauta a intanet. Na Robespierre mai riga ratsi-ratsi na gan shi da idona a gidan tarihi na Carnavalet, shiga ma kyauta ne. Duk mai injin buga allon talla zai iya fitar maka da shi in ka samo yadi mai kyau, katako kuwa kafintan bayan shagonka ya isa.

Gilashi dai kada ka daina sawa. Wannan yadin tsirara ba zai ga hunturu biyu a Damagaram ba, ƙura za ta shige saƙar, in ka goge da jiƙaƙƙen tsumma launi ya biyo. Wancan na farko mai yankakkiyar hula sun ce in riƙe, zan cire shi daga katakon in naɗe in ba mai tahowa, ka ga irin yadin da hannunka. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana tare da shi.