Ƙarfen daimon na gyaran dutsen wasa aska: inda ya yi mini amfani da inda ya gaza

Kafin azumin da ya wuce na yi odar wani farantin ƙarfe mai ƙwayoyin daimon a jikinsa, mai fuska biyu, ɗaya lamba 400 mai kaushi, ɗaya 1000 wadda ta fi ta laushi, wanda ake goge dutsen washi da shi idan ya yi kwarmi. Ta intanet na saye shi, aka sako mini shi a mota zuwa Sakkwato. Ba na manyan kamfanoni ba ne irin Atoma na Japan ko DMT na Amurka, ɗan matsakaici ne marar suna, tsawonsa wajen santimita 20. Bayan na gwada shi a kan duwatsu iri biyu, ra'ayina shi ne yana da kyau wajen kula da dutsen da ke cikin hayyacinsa, amma wanda zai ba shi tsohon dutse mai tauri ya shirya yin asarar kuɗinsa.

Mai wasa wuƙar gida zai ce mene ne na damuwa don dutse ya ɗan lotsa. Gaskiyarsa, mahauci ma bai damu ba, don shi hannunsa ne ke tsayar da karkatar wuƙa. Aska mai naɗewa, irin ta Solingen ta Jamus ko Sheffield ta Ingila, ba haka take ba. Kwantar da ita ake yi, bayanta da bakinta su taɓa dutsen a tare, kaurin bayan shi ke yanke yadda kaifin zai fito. Idan tsakiyar dutsen ya faɗa ko da kaurin takarda ne, wani sashe na bakin zai riƙa cin dutse, wani yana shawagi a iska. Sai ka ga tsinin askar na share gashin hannu, tsakiyarta kuwa tana jan gemu har hawaye su zo maka, ka yi ta zargin ƙarfen askar alhali laifin na ƙarƙashinta ne.

Dutsena ɗan rawaya ne na ƙasar Beljiyam, irin wanda ake haƙowa a yankin Ardennes, mai ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri da ake kira ganet a jikinsa, su ne ke cin ƙarfe. Ba shi da tauri sosai. Na zana masa layuka da fensir, a tsaye da a kwance, na tsoma shi a robar ruwa, na ɗora fuskar 400 ina gogawa a hankali, ina juya dutsen kai da gindi lokaci zuwa lokaci. Nan da nan layukan kai da na gindi suka goge, aka bar wani ɗan tsibiri na fensir a tsakiya, mai siffar ƙwai, daidai inda askata ta saba bi. Kana gogawa kana ganin tsibirin na tsukewa, ruwan na yin kauri kamar kunu. Da ya ɓace na sake zanawa, don laka kaɗai kan iya wanke fensir ta ruɗe ka. A zane na biyu shafa kaɗan ta ɗauke layukan gaba ɗaya. Na ɗora rular ƙarfe na ɗaga sama wajen rana, babu hasken da ya ratsa. Sai na karkata ƙarfen na ɗan kashe kaifin gefunan dutsen, saboda gefe mai kaifi shi ke yi wa aska giɓi. A wannan aikin ban ga abin kushewa ba.

Abu ɗaya dai, sabon ƙarfe yana zuwa da wasu ƙwayoyin daimon da suka fi 'yan'uwansu tsayi, kuma sukan ja zane mai zurfi a fuskar dutse. Nawa ma haka ya zo. Goga bayan wata tsohuwar wuƙa a kansa na ɗan lokaci ya kwantar da su. Takardar da ke cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan wannan.

Gwaji na biyu shi ya nuna mini iyakarsa. Akwai wani dattijon wanzami a unguwarmu, shi ya yi wa yawancinmu askin suna, yana da baƙin dutse a zabirarsa wanda ya gada, ya sha mai ya ƙoshi, tsakiyarsa ya yi rami sosai. Na roƙe shi ya ba ni in gyara masa. Ya dube ni ya dubi ƙarfen, ya ce, "Ɗana, wanga dutsi ya girme ka. Kak ka cinye mini shi." Na ce, "Baba, bayan kawai zan taɓa, fuskar dutsenka tana nan yadda ka san ta." A haka ya yarda. Kuma yana da hujja: askarsa ta maƙera ce, irin wadda ake ƙerawa a unguwar Maƙera Assada da ke nan Sakkwato, gajera, a ɗage yake riƙe ta yana wasawa, hannunsa ya san ramin nan tun ban san kaina ba. Mai wannan aska ba ya bukatar abin da nake bukata.

Bayan dutsen kuwa ga tudu ga kwari, ga tauri. Ƙarfen ya yi ta zamewa a kan man da ya jiƙe shi, sai da na wanke da omo da ruwan zafi sannan ya fara kamawa, shi ma da ƙyar. Kafin a je ko'ina tsakiyar fuskar 400 ta dushe, ƙarar cin da take yi ta ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daimon ya fi kowane dutse tauri, shi ne 10 a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, ma'adinin kwaz da ke cikin yawancin duwatsu masu tauri kuwa 7 ne. Amma daimon ɗin shimfiɗa ɗaya ce tak, wadda aka liƙa da ƙarfen nikel a kan farantin. Lakar dutse mai tauri tana cin nikel ɗin, dannawa da ƙarfi kuma tana tumɓuke ƙwayoyin, in sun tafi sun tafi ke nan.

Abin da ya gama aikin Baba shi ne gilashi mai kauri da na karɓo wajen masu haɗa tagogi, da baƙar sanfefa ta ruwa, irin wadda masu fentin mota ke amfani da ita. Na jiƙa ta ta manne a gilashin, na fara da lamba 120, na koma 220, sannan 400. Ta ci takardu da dama, ta ci lokaci, kafaɗa ta gaya mini, amma duk kuɗin bai kama ƙafar na ƙarfen ba. Wasu na amfani da tayil maimakon gilashi. A ɗora masa rula tukuna, ba kowane tayil ne miƙaƙƙe ba.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ka yayyafa kan bushe kafin ka juya dutsen, lakar ta daskare ta toshe ƙarfen, don haka a cikin roba ya kamata a yi aikin, ba a kan benci ba. Da hunturu kuma ƙura ce abin tsoro, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja layi a dutsen da ka gama gyarawa. Fuskar 1000 tana da halin mannewa da dutse idan ya daidaita, sai ka zame ta ta gefe, kada ka fizga. Gefunan farantin sun fara nuna tsatsa da wuri, ko da yake ina goge shi da tsumma in shanya. Ba shi da matashin roba a ƙasa, dole ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul.

Wanda ke da dutse mai laushi ko na tsaka-tsaki, yana wasa aska a kai a kai, wannan ƙarfe zai hutar da shi, shafa kaɗan kafin kowane washi ya isa, kuma fuskar 1000 na tayar da laka mai kyau ta fara aiki. Mai dutse ɗaya da zai gyara sau ɗaya a shekara, gilashi da sanfefa sun wadatar da shi. Ni dai zan ci gaba da amfani da nawa a kan ɗan rawayan kawai, idan kuma wani ya kawo mini dutse mai tauri, lamba 120 zan fara nema.