Garejin da ya gwada motata kafin ya taɓa sifana

Wata uku ke nan da na karɓo motata daga wani gareji da ke wajen Ƙofar Ruwa, kuma da gangan na jinkirta wannan rubutu. Gyaran giya ba a yabonsa ranar da aka yi shi, sai ya sha rana ya sha cunkoso tukuna.

Motar Honda Accord ce ta 2008, mai silinda huɗu da giya biyar mai canza kanta. Kullum da ita nake fitowa daga Hotoro zuwa Kantin Kwari. Da safe lafiya lau take tashi, amma da inji ya ɗumi sai ta fara: na taka totur, inji ya yi ta kuka, allurar da ke nuna juyin inji ta haura 3,000, mota ba ta ƙara sauri ba, can sai giya ta uku ta shiga da duka kamar an bugo ni ta baya. Daga baya harafin D ɗin nan kore ya fara ƙyaftawa a dashbod. Ranar da ta yi mini haka a titin Maiduguri, yara na baya, tirela na bina, ranar na daina cewa gobe.

Bakanike na farko ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce giyabos ya tafi, in nemi na Beljiyam. Na biyu ya ƙara mini jan mai, wato man giya, daga wani galan marar suna, ya ce ƙishi take ji. Kwana huɗu abin ya ƙara muni. Wani maƙwabcina a kasuwa ne ya kwatanta mini wannan wuri.

Abin da ya fara burge ni, mai garejin bai ce komai a kan giyabos ba. Ya tsuguna gefen kujerar direba, ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, wanda ake kira OBD-II. Ya ce tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka da shi take zuwa, kuma yawancin na hannunmu can suka fito. Lamba ta bayyana: P0847. Ya juyo mini da fuskar na'urar.

"Alhaji, wannan suwic ɗin da ke auna ƙarfin mai a giya ta uku ne yake kai ƙara. Amma lamba ba hukunci ba ce. Shigo mu zaga."

Muka bi ta Kabuga muka dawo, shi yana tuƙi, yaronsa na baya riƙe da na'urar yana karanto masa abin da take nunawa duk lokacin da giya ta canza. Da muka tsaya ya kashe inji, ya zaro sandar auna man giya mai rawayan kunne, ya ɗiga a kan farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kalar shayin da ya kwana. Ya miƙo mini na sansana, ƙauri ne sosai. Sai ya sa aka kwance ƙusar zubar da mai, wadda ke da maganaɗisu a bakinta, ya lakato abin da ya manne ya murza tsakanin yatsu biyu. Toka-toka ne mai laushi kamar kwalli.

"Da na ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukata, da ni ma na ce ka nemi giyabos. Wannan cin shekaru ne kawai."

Wannan murzawar ita ta kwantar mini da hankali fiye da na'urar.

Ya duba wayar suwic ɗin, ya ga lafiyarta ƙalau, sannan ya canza shi. Ƙaramin abu ne, bai cika tafin hannu ba. Maganar mai ce ta fi cin lokaci. Honda ba ta son kowane jan mai. Z1 aka rubuta mata tun asali, daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Kuma in an kwance ƙusa, kimanin lita biyu da rabi kawai ke zuba, sauran yana maƙale a ciki. Don haka sau uku ya zubar ya sake, yana zagawa da motar tsakanin kowanne. Ya ƙi a tura mai da injin wanki, ya ce ƙarfinsa na iya kwaso dattin da ya kwanta ya cusa shi cikin ƙananan hanyoyin mai. A gabana aka fasa kowace gora. A gefe akwai wata Accord ta 2014 da aka kwance, irin mai giyar CVT, wato giyar da ba ta hawa mataki-mataki, wadda manta daban ne, HCF-2, amma wani ya ɗura mata na gama-gari. Mai ita yana zaune a kan benci ya yi tagumi, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Wurin yana da nasa aibun. Babu rumfar kirki, rana kake sha ko ka raɓe jikin bango. Oga ba ya ɗaga waya in yana ƙarƙashin mota, kuma aikin da aka ce mini kwana ɗaya ya kai uku saboda jiran man. Kuɗin gwaji ma daban yake karɓa, ko ka yi gyara ko ba ka yi ba. Ni ban ga laifin wannan ba, domin duka abin da na kashe, har da man, bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba.

Yanzu D ta daina ƙyaftawa, giya ta uku tana shiga ba na ma ji. Saura ɗan gif da nake ji in na sa ribas da safe. Tun ranar ya nuna mini robar da ke riƙe da inji ta tsage, ya ce daga nan ne, kuma za ta iya jira. Asabar mai zuwa zan mayar masa da ita ya canza robar, ya sake ɗiga man a takarda mu gani.